Zaren Teku a Hanyar Gummi

Abdulmajid, ɗan marigayi Malam Bilyaminu mai makarantar allo a Anka, ya shekara goma sha wani abu yana aiki a wata masana'antar gilashi a ƙasar waje, a wani gari mai sanyi da ke bakin teku. Ba kofuna suke yi ba, ba tagogi ba. Zare suke ja, siriri kamar gashin kai, wanda ake tura haske ta cikinsa ya ɗauki maganar mutane da hotunansu daga wannan nahiya zuwa waccan ta ƙarƙashin ruwa.

A masana'antar akwai wata doguwar hasumiya. A ƙolinta ake rataye sandar gilashi mai kaurin turmi, a saka bakinta cikin wuta har ya narke, ɗigo guda ya sauko yana jan zare a bayansa. Kafin zaren ya kai ƙasa ya huce, an shafa masa rigar roba, inji ya naɗe shi. Wannan kowace masana'anta ta iya. Abin da ya cinye wa Abdulmajid da abokan aikinsa shekaru shi ne hana hasken dusashewa a hanya. Ɗan danshi kaɗan a cikin gilashin yana shanye haske. Ƙwayar ƙarfen da ido ba ya gani ma haka. Ko gilashin da ya huce da gaggawa warwatsa hasken yake yi. A ƙarƙashin teku kuwa, duk inda haske ya raunana sai an dasa na'urar ƙara masa ƙarfi, ita kuma sai an jawo mata wuta tun daga gaɓa. Don haka suka yi ta tace gilashin, suka bar tsakiyarsa tsantsa ba gauraye, suka saita injin ya bar zaren ya huce a hankali, har suka samu wanda haske ke yin doguwar tafiya a cikinsa bai gaji ba.

Bayan an gama shimfiɗa wata wayar teku, zare ya yi saura. Wani ƙaramin kamfani a Najeriya ya nemi a sayar masa. Yana son ya binne waya daga Gummi zuwa Anka, a hanyar da babu wutar lantarki, inda duk janaretan da aka ajiye a daji sai an sace shi ko an ƙone. Zaren da ba ya bukatar na'ura a tsakiya shi ne maganin abin. Sai dai zaren yana da tsirfa, ba ya son a lanƙwasa shi, ba ya son haɗin ganganci, dole masana'anta ta tura mutum ya tsaya a kan aikin. Da Abdulmajid ya ga sunan garuruwan, bai jira an tambaye shi ba.

Ranar da ya sauka Anka ya nuna wa mahaifiyarsa guntun zaren. Ita Abba take kiransa, don sunan surukinta ya ci. Ta murza shi a tsakanin yatsunta, ta kai shi kusa da ido.

"Abba, don wanga abu na kat tahi ka bar mu shekara da shekaru?"

"Shi ne, Inna. Kada ki lanƙwasa shi, yana karyewa ya shiga fata."

Ta miƙa masa abinsa. "Ni dai hanyar ga ta Gummi ba ta kwanta min ba. Ko jiya an tare ta."

"Muna da masu rakiya."

"Waɗanda anka ɗauka jiya ma da rakiya sunka hito."

Washegari ya tafi Gummi, inda aikin ya fara.

A Gummi akwai wani ɗaki da kan wayar yake ƙarewa a ciki. Murjanatu ce ke zama a wurin, injiniyar kamfanin, haifaffiyar garin. Tana da na'urar gwaji da ke tura haske cikin zaren ta karɓi abin da ya dawo, ta zana layi a kan allo. Tsawon layin shi ne tsawon wayar. In an matse zaren a wani wuri layin ya ɗan faɗa, in an yanke shi layin ya tsaya cak a daidai wurin. A bakin hanya kuma akwai Sodangi, shugaban masu haƙa, dattijo mai faɗin kafaɗa wanda ya yi shekaru a ramukan zinari na Bagega, ya bar su bayan gubar dalma ta kashe masa 'ya'ya biyu. Shi ya ɗebo maza daga garinsu Bagega da ƙauyukan hanya. Duk inda naɗi ɗaya ya ƙare wani ya fara, sai su gina rami na siminti mai murfi, Abdulmajid ya haɗa zaren da hannunsa, a rufe haɗin cikin baƙar gwangwani a ajiye a ramin.

Wata ranar kasuwar Bukkuyum suka shiga cin abinci. Mutane suka kewaye su a rumfar mai shayi, kowa na son ya ji abin da ake binnewa. Wani ya ce ya ji jan ƙarfe ne a ciki. Abdulmajid ya yi dariya, ya ce babu abin da ɓarawo zai samu sai gilashi, kuma duk wanda ya yanke ta, a Gummi za a ga daidai inda ya yanke.

Wani mutum da ke zaune a kan babur a bakin rumfar ya ce, "To tana jin motsi ke nan? In babur ya bi ta bisanta, tana ji?"

Tambayar ta yi wa Abdulmajid daɗi, don ta aikinsa ce. Ya ce akwai wata irin na'ura da ake haɗawa da irin wannan zare a wasu ƙasashe, tana jin girgizar ƙasa, har tafiyar mota. Yana cikin cewa su ba su da ita, Sodangi ya taka masa ƙafa. Da ya waiwaya, mai babur ya riga ya tayar.

A mota Sodangi ya ce, "Injiniya, nan ba a ƙare magana ake ɗaukarta. Rabinta ake tahiya da shi."

"Ai na ce ba mu da ita, Baba."

"Allah shi sa ya ji."

Damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsayi a gefen hanya, ranar da 'yan bindiga suka zo. Hantsi ne. Aiki ya wuce mararrabar Bukkuyum ya doshi Anka. Abdulmajid yana durƙushe a cikin ɗan tantin da ake kafawa don tare iska, ya fere bakin zare biyu ya jera su a injin haɗi, sai ya ji ƙugin babura daga cikin gonaki, daga gabas da kudu a lokaci ɗaya. Kafin ya miƙe harbi ya fara.

Masu rakiya sun mayar da wuta, amma ba a daɗe ba. Harsashi ya yage tantin daga sama, wani ya fasa injin haɗin a gabansa. Ya kwanta rubda ciki, ya ja jiki ya leƙa. Direban babbar motar aikin yana rataye a ƙofa, kansa a ƙasa, jini na bin hannunsa yana ɗiga a kwalta. Masu haƙa suna gudu a cikin doguwar kwatar da suka haƙa da hannunsu, ba ta da kwana, ba ta da maɓoya, 'yan bindigar suka tsaya a bakinta suna harbin bayansu. Wasu sun samu sun haye sun faɗa cikin dawa. Wasu suka zube a kan wayar da suka shimfiɗa da safe.

Wani ya finciko shi da wuyan riga, ya ja shi a ƙasa zuwa tsakiyar hanya. Nan ya tarar da Sodangi da sauran waɗanda aka kama, su bakwai, an durƙusar da su, hannu a ka. An cinna wa motar wuta, baƙin hayaƙi ya miƙe sama.

Shugabansu ya sauko daga babur a hankali. Siririn mutum ne, ba zai wuce shekara talatin da biyar ba, da baƙin rawani da rigar sojan da ta yi masa yawa. Ba wanda ya bukaci a gaya masa sunansa. Makau ne, wanda ƙauyukan yankin ba sa noma sai da izininsa. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, sai mutum ya kasa kunne.

"Wane na injiniya?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Abdulmajid ya cire rigar aiki tun da safe saboda zafi, ƙasa ta ɓata shi kamar kowa. Makau bai sake tambaya ba. Ya aza bakin bindiga a ƙeyar wanda ya fi kusa da shi, wani magidanci mai suna Idris da ya fara aikin a makon nan, ya harba. Idris ya kife. Jininsa ya fantsama a fuskar na kusa da shi. Makau ya matsa ga na biyu.

"Ni ne," in ji Abdulmajid. "Ni ne injiniyan."

Makau ya tsuguna a gabansa, ya dube shi tsawon lokaci.

"Kai na kac ce wayarka tana jin babur."

"Ban ce haka ba. Cewa na yi akwai..."

"Ƙanena ya bi hanyar ga da yarana. Soja sunka tare su, sunka kashe shi. Ba wanda yas san za shi bi nan. Kai kuma ga ka, kana binne kunne cikin ƙasa."

"Wallahi ba ta ji. Gilashi ne kawai, haske ke bi ta ciki."

Makau ya yi wa mutanensa alama da kai. Biyu suka kama Abdulmajid, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan katakon da ake naɗe waya. Makau ya juya bindigar, ya sauke gindinta a kan yatsun. Abdulmajid ya ji ƙarar ƙashin kafin ya ji zafin. Aka sake, aka kuma sakewa. Ihu ya ƙwace masa har maƙogwaronsa ya dushe. Da suka sake shi ya faɗi a gefe, ya yi amai, ya rungume hannun a ƙirji bai iya kallonsa ba.

Makau ya sa aka fito da wayar daga kwata. Wani ya sare ta da adda, addar ta yi tsalle, don akwai sulken ƙarfe a jikinta. Sai da aka kawo gatari. Da ta rabu biyu, Makau ya ɗauki bakin, ya tsefe shi da farce, ya ga 'yan siraran gashin suna ƙyalli. Ya taɓa ɗaya, ya soke shi a yatsa, ya tsotsi wurin ya tofar.

"Yanzu ta mutu?"

Abdulmajid ya ɗaga kai. Ya ga wani ɗan bindiga yana jera sauran mutanen a bakin kwata, fuskarsu ga ramin. Ya ji wani yana tambayar Makau ko a tafi da su daji, Makau ya ce dawa ba ta nuna ba, ba shi da abin ciyar da baƙi. Ya gane cewa in ya ce ta mutu, nan za a gama da su duka. Babu sabis ɗin wayar salula a wannan yanki, waɗanda suka tsere kuma a ƙafa suke. Mutum ɗaya ne a duniya ya san wani abu ya faru a nan, ita ce Murjanatu, don layin da ke allonta ya riga ya katse.

"Ba ta mutu ba," ya ce.

Makau ya yi murmushi kaɗan. "Ashe tana ji."

"Ba wayar ke ji ba. Baƙaƙen gwangwanayen da ke cikin ramukan siminti, su ne kunnuwan. Sai an sare kowanne. Babban yana ramin Gadar Baure."

Gadar Baure tana can baya, wajen Gummi, ba nisa da inda sojoji suke da sansani. Makau ya san haka. Ya riƙa kaɗa bindiga a gwiwarsa. Abdulmajid ya ƙara da cewa murfin ramukan yana da nauyi, sai da ƙarti, sai da diga. Makau ya dubi mutanen da aka jera.

"Ku taho da su. In ƙarya kake, Injiniya, da hannuna za ni yanka ka, ba da bindiga ba."

Aka aza su a babura, kowanne a tsakanin 'yan bindiga biyu. Suka bi kwalta suka nufi yamma. Motocin da suka hango su daga nesa suka juya a guje. A ramin farko fursunonin suka ɗaga murfin, Abdulmajid ya nuna gwangwanin, aka fito da shi aka daddatsa da gatari. Shi ya haɗa zaren da ke ciki, guda-guda, ya yini a kansa. Bai ji komai ba sai bugun da hannunsa ke yi.

A rami na biyu wani daga cikin masu haƙa ya yar da diga ya ruga cikin dawa. Ba su bi shi ba. Mutum uku suka buɗe wuta a kan karan da ke motsi har ya daina motsi. Ɗaya ya shiga ya fito yana goge wuƙa a ganye.

Suna mayar da numfashi a bakin ramin, Sodangi ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya ce a hankali, "Mi kake yi muna, ɗan Malam?"

"Murjanatu tana kallo."

Sodangi ya dube shi, ya dubi gwangwanin da aka sare, ya dubi hanyar Gummi.

Murjanatu kuwa tana kallo. Da layin ya katse da hantsi, ta ɗauka diga ce ta sami wayar, don an taɓa yin haka. Ta kira Abdulmajid, kiran bai shiga ba, ba ta yi mamaki ba. Tana shirin aika mai babur sai layin ya sake gajarta, wannan karon a daidai ramin haɗi. Diga ba ta shiga ramin siminti. Ta zauna ta zuba wa allon ido. Da ya gajarta karo na uku, a rami na gaba, ta ja mayafinta ta fita ko ƙofa ba ta rufe ba.

A sansanin sojoji sai da ta yi ta roƙo kafin aka kai ta wurin hafsan da ke riƙe da wurin, wani mutumin kudu mai jin Hausa sosai. Ta gaya masa an kai wa ma'aikatansu hari. Ya tambaye ta wa ya kira ta. Ta ce ba wanda ya kira, waya ce ta nuna mata. Ya yi mata kallon shakka, sai ga wani direba ya shigo a firgice yana cewa ya hango hayaƙi da babura a hanyar Anka. Hafsan ya ba da umarni a tayar da motoci a nufi wurin hayaƙin.

"Yallaɓai, ba sa wurin," in ji Murjanatu. "Nan suke tahowa. Ramuka suke bi suna sarewa, ɗaya bayan ɗaya. Ɓarawo bai san ramukan nan ba, wani ne yake nuna musu, kuma ya san ina gani. Saura rami ɗaya kafin gari, na Gadar Baure. In kun bi kwalta da motoci za su ji ku, su kashe mutanenmu su shige daji."

Hafsan ya yi ɗan tunani. Sannan ya sa aka bar motocin a bayan gari, sojoji da 'yan sa-kai suka shiga gonaki a ƙafa.

Rana ta karkata lokacin da Makau ya iso gadar. Bai hau ta kai tsaye ba. Ya tura babura biyu suka haye suka dawo, suka ce ba kowa. Rafin ya cika, yana gudu ja-ja a ƙarƙashi. Ramin yana gindin gadar, ya fi sauran zurfi saboda ruwa, mutum zai iya tsayawa a ciki. Fursunonin suka sa diga suka ture murfin. Makau ya leƙa.

"Wanga na babban? Awa sauran yake."

"Cikinsa ne daban," in ji Abdulmajid.

"Shiga ka ɗauko."

Abdulmajid ya dubi dawar da ke hagu da dama. Ko kara ɗaya ba ya motsi. Wataƙila Murjanatu ta fita cin abinci. Wataƙila wutar ɗakin ta ɗauke. Ya zauna a bakin ramin, ya zura ƙafa, yana neman yadda zai sauka da hannu ɗaya.

Harbin farko ya sami wanda ke tsaye a bayan Makau, ya ɗebe masa rabin fuska. Sai harbi ya ɓarke daga cikin dawar ta ɓangare biyu. Sodangi ya hankaɗa Abdulmajid cikin ramin, ya daka wa sauran tsawa su kwanta. Wani ɗan bindiga ya juyo da bakin bindigarsa kan mutanen da ke kwance. Sodangi yana riƙe da diga. Ya ɗaga ta da hannu biyu ya kafa masa a kafaɗa, har sai da ta nutse. Bai samu ya zare ta ba. Harsasai suka same shi a ƙirji da ciki, ya ja da baya, ya zauna a jikin ƙarfen gadar.

Abdulmajid bai ga wannan ba. Yana kwance a cikin ruwan da ya taru a ramin, kansa ya bugi siminti, ƙarar harbi na cika masa kunne. Sai haske ya toshe, wani abu mai nauyi ya faɗo a kansa. Makau ne. Harsashi ya fasa masa cinya, bindigarsa ta faɗi a waje, ya jawo jiki ya faɗo ramin neman mafaka. Suka dubi juna, fuska kusa da fuska. Rawanin ya warware, Abdulmajid ya ga ashe kansa har da furfura.

Makau ya kai hannu ƙugu ya zaro wuƙa. Ramin ya yi musu kaɗan, ba wurin ɗaga hannu. Ya soka, wuƙar ta shiga gefen haƙarƙarin Abdulmajid ta zame a kan ƙashi. Abdulmajid ya danne hannun da gwiwarsa. Hannunsa na hagu ya lalubo gwangwanin haɗin, mai nauyi kamar dutsen niƙa ƙarami. Ya ɗaga shi ya buga a fuskar Makau. Makau ya cije shi a damtse, ya kama karyayyun yatsun ya murɗe. Abdulmajid ya ga duhu, amma bai saki gwangwanin ba. Ya sake bugawa. Ya yi ta bugawa yana kuka, har gwangwanin ya tsage, har hannun da ke riƙe da yatsunsa ya saki, har bayan haka ma.

Da harbi ya lafa, wani soja ya leƙo ramin ya ga mutum biyu cikin jan ruwa, bai san wane ne mai rai ba sai da ɗaya ya ɗaga hannu. Aka jawo shi. Babura na kwance a kan gadar, wasu na ci da wuta. 'Yan bindigar da suka rage sun tsere ta cikin rafi. Soja ɗaya da 'yan sa-kai biyu sun mutu. Cikin masu haƙan da aka taho da su, huɗu sun tashi da ƙafafunsu.

Sodangi yana nan zaune a jikin ƙarfen, idonsa a buɗe, numfashinsa na fita da kumfa. Abdulmajid ya rarrafa wurinsa.

"Baba."

Sodangi ya motsa leɓe. Abdulmajid ya kai kunne. Kalmar shahada yake yi, yana maimaita rabin farko, numfashi ba ya kai shi ƙarshe. Abdulmajid ya riƙa faɗa masa a hankali, yana bi, har suka kai tare. Bayan nan bai sake motsi ba.

A asibiti aka yanke wa Abdulmajid yatsu biyu, aka ɗinke haƙarƙarin. Yana kwance labari ya zo cewa yaran Makau sun dawo. Ba su tunkari sojoji ba. Tungar Baure suka shiga, ƙauyen da ke kusa da gadar, da rana tsaka, suka ce mutanen garin ne suka ɓoye soja a gonakinsu. Suka ƙone rumbuna, suka harbe maza a ƙofar masallaci, suka kora shanu. Waɗanda suka tsira suka kwararo Gummi da tabarmi a ka. Wasu daga cikinsu a ɗakin da yake kwance aka kwantar da su. Wata tsohuwa da ke jinyar ɗanta a gadon kusa ta tambaye shi me ya sami hannunsa. Ya ce 'yan bindiga ne. Ta yi masa sannu, ta ba shi kunu a kofinta. Ya karɓa ya sha.

Murjanatu ta zo duba shi. Ta tsaya a bakin gadon. Ta ce kamfani ya dakatar da aikin.

"Har yaushe?"

"Ba su ce ba. Daga Gummi zuwa gadar layin lafiya lau yake, na gwada. Hasken ko raguwa bai yi ba." Ta dubi hannunsa da aka naɗe. "Injiniya, da ban je sansanin ba, da Tungar Baure tana nan."

"Da ban kawo su gadar ba," ya ce.

Ba wanda ya lallashi wani a cikinsu.

Da ya samu ƙarfin tafiya, ya bi ayarin motoci zuwa Bagega yin ta'aziyya. Matar Sodangi, Atine, ta karɓe shi a zaure, tana daga bayan labule. Ta ce an gaya mata yana wurin.

"Ina wurin, Inna."

"Ya yi magana?"

"Ya cika da kalmar shahada."

"Dut ya hwaɗe ta?"

"Duka. Da kunnena na ji."

Ya ji ta sauke numfashi. Ta yi masa godiya, ta sa aka kawo masa ruwa, ta tambaye shi ko gida zai zauna yanzu. Ya ce bai sani ba tukuna. Masana'anta ta rubuto cewa aikinsa na jiransa, ko ba zai iya riƙe zare ba akwai teburin zane. Innarsa kuma ta ce ba ta hana shi ba, ba ta kuma ce ya tafi ba.

Atine ta ce akwai mata biyar a unguwar nan da mazansu suka bi Sodangi wurin aikin ba su dawo ba, ko zai shiga ya gaishe su. Ya ce zai shiga. Ta kira 'yarta Husaina ta ce ta sanar da gidajen. Ya ajiye kofin, ya lalubi takalminsa da ƙafa, ya tambayi wane gida ne ya fi kusa.